Eg rol na gida: wa ta gwada gasawa maimakon saye?

Maman Khairat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarana uku duk suna makaranta, kullum da safe sai na ba kowa kuɗin eg rol. Jiya autar ta dawo da nata ko taɓawa ba ta yi ba, wai tsami yake. Na ɓara in gani, ashe rabin ƙwai ne a ciki, rabin ma an yanko shi siriri kamar ana rabon gado, sauran duk fulawa ce da ta sha mai. Shi ne na ce bari in fara yi musu da kaina. Sai dai suya ba ta raina, man ya yi tsada, ga babansu likita ya hana shi maiƙo. Wa ta taɓa gasawa? Ya yake fitowa?

Ummu Sadiq:
Wa alaikumus salam. Ni kam na gwada, na farko sai da kaji suka samu. Kwaɓin suya na ɗauka, mai bekin foda, na jefa a oban. Ya fito fari fat, ga tauri, in ka girgiza shi sai ka ji ƙwan yana yawo a ciki kamar caki. Mijina ya ce in ajiye masa biyu saboda ɓarayi. Daga baya na gane na gashi kwaɓin burodi yake so, mai yis.

Anti Rabi:
Ummu Sadiq kin gano bakin zaren. Maman Khairat, ga yadda nake yi shekara da shekaru. Fulawa kofi 4, yis ƙaramin cokali 2, sukari babban cokali 4, bota babban cokali 3, gishiri ɗan kaɗan, ɗanyen ƙwai 1, sai madarar gari da kika dama da ruwan ɗumi. Ɗumi na ce, irin wanda za ki yi wa jariri wanka da shi. In ya yi zafi ya kashe yis ɗin, ki zauna ki yi ta jira har la'asar ba abin da zai tashi. Ki murza shi sosai, minti 10 ba ya yawa, sai ya daina kama hannu, sannan ki bar shi ya tashi. Wannan yana yi min ƙwai 8, in ƙanana ne 10.

Amma inda aikin yake shi ne ƙwan, ba fulawar ba. Kada ki dafa shi ya nuna lugub, minti 7 ko 8 bayan ruwan ya tafasa ki sauke, ki tsoma a ruwan sanyi. Ai zai sake shiga wuta. In kin dafa shi minti 15 kika kuma gasa shi minti 20, gwaiduwar sai ta yi wani kore-kore a gefe, ta bushe, ga warin nan da yara ba sa so. Bayan kin ɓare, ki goge shi da tsumma mai tsabta ya bushe tas, ki mirgina shi a busasshiyar fulawa kafin ki naɗe. Jiƙaƙƙen ƙwai shi ke sa tururi ya raba shi da kwaɓin, shi ne cakin da Ummu Sadiq ta ji. Ki matse bakin ya rufu, ki kifa shi ƙasa, ki bar shi ya ƙara tashi kamar minti 20, ki shafa ruwan ƙwai a sama, sai oban a kan digiri 180 har ya yi ja.

Af, kuma ƙwan da aka kawo daga gona yau-yau ba ya ɓaruwa da kyau, ɓawon yana tafiya da farin. Wanda ya kwana biyar zuwa mako ya fi.

Hajiya Inna:
Ku 'yan birni komai oban. Ni a Funtuwa nake, wuta sai ta ga dama, oban ɗina ya zama wajen ajiye kwanuka. Tsohuwar tukunyar biki na samu, na zuba yashi mai tsabta a gindinta kamar kaurin yatsu biyu, na ɗora duwatsu uku, sai faranti a kansu. A kan kurfoti nake ɗora ta, in bar tukunyar ta yi zafi tukuna kafin in sa. Garwashin ƙasa kaɗan, in zuba wani a kan murfi, shi ke sa saman ya yi ja. In kika cika wutar ƙasa, gindin ya ƙone saman yana fari. Haka muke gasa kek ɗin biki tun kafin a haifi wasunku.

Maman Khairat:
Hajiya Allah ya ƙara girma, wannan ta fi min, don ni ma gas ɗin lallaɓa shi nake. Yashin ba ya shiga ciki?

Hajiya Inna:
Ba ya tashi, 'yata, sai in kin buɗe a cikin iska. Ki wanke shi ki shanya kafin ki fara, shi ke nan, shekara guda kina amfani da shi.

Maman Twins:
Ku yi haƙuri in ɗan tsaya wa masu sayarwa, don ni sana'ata ce, ina kai wa wani shago kusa da makarantar firamare. Ba mugunta ke sa a raba ƙwai ba. Kiret ƙwai 30 ne, ba ya ƙaruwa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, abincin kaji, fulawa a kasuwar Singa ta Kano, man gyaɗa, har ledar da ake ƙullawa. Yaro kuma kuɗin da aka saba ba shi da shi yake zuwa. Ko ki ƙara kuɗi kaya su kwana, ko ki raba ƙwai. Kuma in gaya miki gaskiya Maman Khairat, in kika sa cikakken ƙwai da bota da madara, kika lissafa gawayi, ba wani sauƙin kuɗi za ki gani ba. Abin da za ki samu shi ne kin san ƙwan yaushe ne. Tsamin da 'yarki ta ji, wataƙila na jiya ne aka ɗumama, wannan kam ba na goyon baya.

Ummu Sadiq:
Gaskiya ne, na lissafa nima, kusan kunnen doki. Amma ɗana guda ɗaya yake ci ya ƙoshi, na waje sai biyu.

Baban Abba:
A yi min afuwa na shigo hirar mata. Lokacin da muka kai mahaifiyarmu asibiti a Chennai ta ƙasar Indiya, kullum da yamma a wani ɗan shagon burodi nake cin irin wannan. Su ma rabin ƙwai suke sawa, amma a kan soyayyiyar albasa mai yaji, kuma gasawa suke. Da na dawo na kwatanta wa uwargida, ta soya albasa da attaruhu da ɗan kori ta zuba a ƙarƙashin ƙwan. Yanzu ƙwai 5 ke yi mana guda 10, ba wanda ya taɓa ƙorafi. Sai dai a soya albasar ta tsane, in da ruwa kwaɓin ya yi caɓa.

Anti Rabi:
Baban Abba ka shigo da alheri. Abu ɗaya na manta: yanayi. Da hunturu kwaɓina kan yi awa biyu bai motsa ba, sai na rufe shi da leda na kai rana. A watan Afrilu kuwa kina juya baya ya cika roba, in kika bar shi ya wuce sai tsami. Kuma a zafin nan kada ki yi na mako guda ki jibge a kwando, dafaffen ƙwai ba ya jure haka. In babu firij mai sanyi, na yau a ci yau.

Maman Khairat:
Na dawo da rahoto. Na kwaɓa bayan isha, na tashi ƙarfe 5 na gasa a tukunyar Hajiya. Guda 8 na yi, biyu sun buɗe baki, na ga ban matse su da kyau ba, ɗaya gindinsa ya yi baƙi. Kwaɓin ya ɗan yi tsami don ya kwana a waje, gobe da asuba zan kwaɓa. Autar ta cinye nata tun a hanya, ta dawo tana cewa ƙawarta ta ce a kawo mata za ta biya. Maman Twins, nawa zan ce mata?