Me ke jawo ciwon kafaɗa ga yaron da ke buga ƙwallon raga?

Mahaifin ɗan wasa, Jos:
Assalamu alaikum. Ina da ɗa mai shekara 15 da ke buga ƙwallon raga, kuma a 'yan makonnin nan yana kukan ciwo a kafaɗarsa ta dama duk sa'ad da ya ɗaga hannu sama zai maka ƙwallo. Bai faɗi ba, babu kumburi, amma da dare ba ya iya kwanciya a kan wannan gefen. Wasu sun ce sanyin Jos ne ya shige shi, wasu kuma sun ce mu kai shi wurin mai ɗori. Ina roƙon masu sani su bayyana mini abin da ke haddasa wannan ciwo.

Ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi, Abuja:
Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ba shi lafiya. Sanyi kan sa gaɓa ta sanƙare, amma yawanci ba shi ne tushen irin wannan ciwo ba. Kan ƙashin dantse yana zaune ne a wani gurbi marar zurfi, kamar ƙwarya a kan gammo, kuma tsoka huɗu da jijiyoyinsu ne suke riƙe shi a wurin. Mai buga ƙwallon raga, ko ƙwallon hannu, ko tanis, ko mai ninƙaya da mai jifan mashi, yana maimaita motsi guda a saman kansa har waɗannan tsokoki su gaji, kan ƙashin ya ɗan haura sama ya riƙa matse jijiyar da ke bi ta ƙarƙashin ƙashin saman kafaɗa. Haka kuma bayan gaɓar kan ɗaure, ta yadda ɗan wasa ba ya iya juya hannun ciki sosai, wani lokaci ma guringuntsin da ke kewaye da bakin gurbin ya tsage.

Abin da ya fi damuna shi ne shekarunsa. Tsakanin shekara 11 zuwa 16, wurin da ƙashin dantse ke girma kusa da kafaɗa bai gama ƙwari ba, kuma yawan duka yana iya yi masa lahani. Saboda haka ya dakatar da dukan sama, likita ya duba shi. Hoton ƙashi zai nuna wannan wuri, amma jijiya sai an yi sikanin ko MRI, wato hoton na'ura mai nuna tsoka da jijiya. Akwai sashen ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Ban ga dalilin ɗori ba tunda ba alamar karaya ko gocewa, kuma ja da murɗawa na iya ƙara masa rauni.

Mai horar da 'yan wasa, Jos:
Malama ta yi bayani gamsasshe. Zan ƙara da cewa kaso mai yawa na ƙarfin duka daga ƙafafu da ƙugu yake tasowa, don haka yaron da ke duka da hannu zalla, kafaɗarsa ce ke ɗaukar nauyin duka. Sannan yaranmu sun fi son ƙarfafa ƙirji, suna barin tsokokin baya da ke riƙe allon kafaɗa. Alhaji, ka bincika ko an ƙara masa yawan atisaye kwatsam saboda wata gasa, domin galibi daga nan matsalar take farawa.

Tsohon ɗan ƙwallon hannu, Abuja:
Yallaɓai, don Allah kada a ba shi diklofenak ko ibuprofen domin kawai ya ci gaba da wasa. Maganin yana ɓoye zafi ne, kuma yawan shansa kan taɓa ciki da ƙoda. Idan yana jin hannun na mutuwa ko tsikari har zuwa yatsu, a gaya wa likita ya duba wuyansa ma.

Mahaifin ɗan wasa, Jos:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Lallai an ƙara musu atisaye safe da yamma saboda gasar makarantu. Zan yi magana da malamin wasanninsu ya ɗaga masa ƙafa, sannan in kai shi asibiti.