Yaya zan sa Python ya karanta duk fayilolin txt da ke cikin folda?

sabon_shiga:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah a taimaka min. Ina da folda cike da fayilolin .txt, duk rubutun Hausa ne, so nake in kirga kalmomin da ke ciki gaba daya. Na sa os.listdir ya kawo min sunayen tsaf amma da na zo budewa sai FileNotFoundError alhali ga fayil din nan ina kallonsa da idona, sannan akwai wasu a cikin kananan foldoji na ciki su ko kawo su ma bai yi ba. Windows ce kwamfutar.

mai_kod:
Wa alaikumussalam. Ai listdir suna kawai yake ba ka babu hanyar zuwa wurin, shi kuma open sai ya tafi nema a foldar da ka tayar da program din, shi ya sa bai gani ba. Ni dai shawarata ka koma pathlib, tun Python 3.4 yana nan ba sai ka sauke komai ba:

```
from pathlib import Path
for f in sorted(Path(r"C:\labarai").rglob("*.txt")):
    rubutu = f.read_text(encoding="utf-8")
    print(f.name, len(rubutu.split()))
```

rglob din ne zai shiga har foldojin ciki, in na sama kadai kake so sai ka sa glob.

yar_injiniya:
Malam ka kula da encoding ɗin nan sosai, wato tsarin da kwamfuta ke bi wajen ajiye haruffa da karanta su, kar ka kuskura ka cire shi tunda ka ce Hausa ce. In ba ka sa ba yawanci Windows wani tsarin daban mai suna cp1252 zai ɗauka, sai ka ga ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma wani abu daban, babbar Ɓ kuwa tsayar da program ɗin za ta yi da UnicodeDecodeError. Ta ƙ ɗin ta fi ci min rai wallahi, don ba zai yi ƙorafin komai ba, aiki yana tafiya rubutu ya lalace kai ba ka sani ba. In tsohon Notepad ne ya ajiye fayilolin da BOM, wato wata ɓoyayyiyar alama a farkon fayil, to utf-8-sig za ka sa maimakon utf-8.

sabon_shiga:
Allah ya saka da alheri, ya yi aiki! saura fayil guda da ya ki karantuwa, ya tsayar min da komai.

mai_kod:
Sa try da except UnicodeDecodeError ya buga maka sunan fayil din ya wuce na gaba, daga baya ka bude shi a Notepad ka sake ajiye shi a UTF-8. Kar dai wani ya ce maka ka sa errors="ignore", zubar da haruffan zai yi kawai.