Waɗanda suka taɓa cin abinci a Houston, ku zo mu ji

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. Wurin aikinmu za su tura ni taron man fetur na OTC da ake yi a Houston, jihar Texas, a watan Mayu. Kwana shida zan yi. Ina ta jin ana cewa garin ya yi suna wajen abinci, har masu ba da tauraron Michelin, lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci, sun shiga Texas a 2024. Ni dai damuwata biyu ce: halal, da kuma inda mutum zai ci ya ƙoshi. Wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Injiniya Mai Ritaya: Wa alaikumus salam. Sau uku na je wannan taro, ƙanena, kuma zuwan farko asara na yi. Ban wuce otal da NRG Park, inda aka yi taron, ba, kullum kifi da dankali, na dawo ina cewa garin ba shi da abinci. A zuwa na biyu wani direban tasi ɗan Pakistan ya kai ni titin Hillcroft, unguwar da suke kira Mahatma Gandhi District. Nan na ci biryani da naman akuya a gidan abinci na Himalaya, na gane cewa abincin Houston yana cikin jerin shagunan nan masu filin ajiye mota a gaba, waɗanda ba za ka kalle su sau biyu ba. Sai dai ka tanadi kuɗin mota. Garin a shimfiɗe yake, ba a yawonsa da ƙafa, ga zafi mai ɗanko kamar na Fatakwal.

Maman Hanifa: Wata huɗu na yi ina jinyar mahaifiyata a Texas Medical Center, Allah Ya ba ta lafiya yanzu. Hajiya ba ta iya cin abincin asibiti, don haka duk Asabar sai na tafi wajen titin Bissonnet da unguwar Alief, inda 'yan Najeriya suka fi yawa. Doya, manja, busasshen kifi, egusi, attarugu, duk na samu. Ranar da na kawo mata farfesun kayan ciki mai zafi ta shanye kwano, kuka na yi.

Amma Malam, ka yi hattara da abincin Meksiko da suke kira Tex-Mex. Na ci dakakken wake da burodinsu na fulawa a wani wuri har sau biyu kafin wata nas ta gaya min sau da yawa da kitsen alade ake yin su. Na koma na tambaya, suka ce haka ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ɗauka wake wake ne. Tun daga nan ba na cin komai sai na ce, da wane mai aka yi? Ba sa jin haushin tambaya, amsa suke bayarwa.

Ɗan Fagge: Subhanallah. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Wannan ko a mafarki ban kawo ba. To naman da suke gasawa da hayaƙi fa?

Injiniya Mai Ritaya: Brisket ke nan, ƙirjin saniya. Awa goma sha biyu ko fiye yake kwana a hayaƙin itace, gishiri da masoro kawai, har ya yi laushin da ba ya buƙatar wuƙa. Matsalar ita ce a yawancin wuraren haƙarƙarin alade yana cikin murhu ɗaya, a kan katako ɗaya ake yankawa. Akwai Musulmi da ke yin na halal, ka tambaya a masallaci za a nuna maka. Na ci sau ɗaya, kuma ni da na tashi da balangu, na sara musu.

Ɗaliba a Texas: Shekarata ta uku ke nan a nan. Baba Injiniya ya faɗi gaskiya kan shagunan gefen titi, ina so in ƙara dalili. 'Yan Biyetnam sun fara zuwa bayan 1975, suka cika titin Bellaire. Su ne suka ɗauki crawfish na mutanen Louisiana, wani ɗan jatan lande na ruwan daɗi, suka juye shi da man shanu da tafarnuwa da yaji, abin da ake kira Viet-Cajun. Gidan abinci na Crawfish & Noodles ne ya fi suna. Ana zuba maka a leda, ka sa hannu ka ɓare, kuma Mayu ƙarshen kakarsa ne, za ka iya tararwa. Ka dai ce kada a sa maka tsiran alade a ciki. Bayan guguwar Katrina a 2005 mutanen New Orleans ma sun taho da girkinsu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne gidan abinci na ChòpnBlok na Ope Amosu, ɗan asalin Najeriya. Ya fara da ɗan kanti a zauren sayar da abinci na POST Houston a 2021, ya buɗe babban wuri a unguwar Montrose a 2024. Na zauna ina kallon Turawa da 'yan Meksiko suna layin dafa-duka da soyayyar ayaba. Daɗi na ji, amma wani abu ya tsaya min a rai: duk yawon da na yi ban ga inda ake sayar da tuwon shinkafa da miyar kuka ko masa ba. Suya kuwa tana ko'ina, sunanta ya riga mu isowa.

Alhajin Kwari: 'Yata, suyar nan ni ban yaba ba. Wadda na ci a wani wuri an soya ta ne a kan ƙarfe, yajin ba ƙuli-ƙuli, barkono zalla. Wuraren masu tauraro kuma wani abokin kasuwanci ya kai ni ɗaya. Faranti kusan goma, kowanne loma biyu, da kyau da tsabta ba ƙarya, amma kuɗin mutum ɗaya ya kai na rago a gida. Ɗan Fagge ya ce ƙoshi yake nema. Ya je gidan abinci na Aga's, halal ne, ya sa a kawo masa haƙarƙarin akuya. Ya kuma sani farashin da ke takarda ba shi ke nan ba: akwai haraji kashi 8.25 cikin ɗari, sannan ladan mai kawo abinci wajen kashi 18 zuwa 20. Kada ya hana, yaran nan da shi suke rayuwa.

Ɗaliba a Texas: Haka ne Alhaji, ba kowace suya ba. Amma cikin wurare shida da suka sami tauraro a yankin Houston a 2024 akwai Musaafer na girkin Indiya, da Tatemó da ke aiki da masara irin ta Meksiko, har da gidan gashi na CorkScrew. Baƙi da masu murhu ne suka ɗaga garin.

Maman Hanifa: In Juma'a ta same ka a can, ka je Islamic Da'wah Center da Hakeem Olajuwon, tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando ɗan asalin Najeriya, ya kafa a tsakiyar gari. Bayan sallah ka tsaya a ƙofa ka gaisa da mutane, a nan na sami matar da ta riƙa dafa wa Hajiya kunun gyaɗa. Kuma ka saka yajinka a jaka, a rufe da kyau, ka bayyana shi a filin jirgi. Kilishi dai kada ka ɗauka, karɓewa za su yi.