Windows ɗin da ba a biya ba, sata ne ko ba sata ba?

Ɗan Fagge: Slm jama'a. Wlh yau raina a ɓace yake, ku bar ni in faɗa ko na huce. Yau muka gabatar da rahoton kwas ɗin nan na ɗa'ar sana'ar kwamfuta a makarantarmu nan Saudiyya, mu huɗu ne a gurup amma ni kaɗai na yi aikin, sauran sai jazakallahu khairan ya akhi kawai suka iya. Abin da na kafa rahoton a kai shi ne mai rubuta manhaja ba zai fake da "oga ne ya sa ni" ba. Na kawo maganar Volkswagen ta 2015, da aka gano sun saka manhaja a motocin dizal kusan miliyan 11, tana gane lokacin da ake gwajin hayaƙi sai ta rage shi, in mota ta hau titi ta saki abinta, kuma injiniyansu James Liang kotun Amurka ta ɗaure shi wata 40 a 2017 alhali ba shi ne shugaban kamfanin ba. Na kawo Therac-25, na'urar gashin cutar daji da tsakanin 1985 da 1987 ta dirka wa marasa lafiya radiyeshan fiye da ƙima har wasu suka mutu, saboda an cire makullan kariya da tsofaffin samfurin suke da su aka dogara da manhaja kaɗai. Na ɗora da ƙa'idojin ɗa'a na 2018 na ACM, ƙungiyar masana kwamfuta. Duk wannan duktur, malamin kwas ɗin, bai ce uffan ba, abin da idonsa ya gani kawai rubutun Activate Windows a kusurwar allo, a gaban kowa ya ce wai ina wa'azin amana da kayan sata. Aji ya kwashe da dariya, ya zabge min maki. Ni dai na ce kwas ɗin nan munafunci ne zalla, ba a duba abin da ka sani.

Bakatsine: Sata fa ya ce?? Tab

Ustaz Madina: Wa alaikumus salam, Allah ya huci zuciyarka ƙanina. Amma kalmar sata ba a jefa ta haka kawai. A fiƙihu sata ita ce ka ɗauke dukiyar wani a ɓoye daga inda aka killace ta, ta bar hannunsa ta koma naka. To me ya bar hannun Microsoft? Nasu na nan yadda yake. Dukturan kwamfuta ya tsaya a kwamfutarsa, ya bar wa masu fanni fanninsu.

Bakatsine: Gaskiya ne ya shaikh. Wanda ya ɗebo garwashi a murhun maƙwabta ai bai kashe musu wuta ba

Maman Ilham: Malam da girmanka, amma Majma'ul Fiƙhi, zauren malaman fiƙihu na ƙasashen Musulmi, da hedikwatarsa take nan Jidda ya yanke wannan tun 1988 a zaman Kuwait, ƙuduri na 43, cewa haƙƙin mawallafi da na wanda ya ƙirƙiro abu haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta su. Ko su ma ba masu fannin ba ne?

Ustaz Madina: Na san ƙudurin Hajiya, mun karanta shi. Cewa aka yi ba ya halatta, ba a ce sata ba. Ba kowane haram ne sata ba, riba haram ce amma ba wanda ya taɓa ce wa mai cin riba ɓarawo.

Maman Ilham: To ka yarda haram ne kenan

Ustaz Madina: Ban ce haka ba, akwai tafsili, ɗalibi mai lalura daban ɗan kasuwa daban

Maman Ilham: Hmm, tafsilin bai zo ba sai yanzu

Injiniya Dammam: Dukkanku kun bar hanya, har da duktur ɗin. Wannan rubutun yana fitowa ne in ba a saka lasisi ba, shi ke nan. Windows kyauta ake sauke shi daga shafin Microsoft, zai yi aiki, sai dai ya hana ka canza wasu kwalliya ya kuma manna maka wannan rubutun. Wanda ya yi kirak ai shi ne BA ya ganin rubutun, don aikin kirak ɗin kenan, ya yaudari kwamfuta ta ɗauka an biya. Ina tabbatar muku cikin waɗanda suka yi dariya a ajin nan akwai masu allo fes da ba su biya ko halala ɗaya ba.

Bakatsine: Hhhhh wato marar laifin aka kama

Injiniya Dammam: Ban wanke shi ba tukuna. Ɗan Fagge, PowerPoint ɗin da ka yi silaid da shi fa, daga ina?

Ɗan Fagge: Yaya ba wannan ne a gabanmu ba. Ni tambayata, injiniyan da aka ba umarni ya rubuta manhajar yaudara yana da laifi ko ba shi da shi, kuma daidai ne a zabge min maki a kan abin da ba ya cikin rahoto? Ba wanda zai ce komai a kan Liang?

Mai Ubuntu: Da kun ji maganata tun bara da duk ba a zo nan ba. Ubuntu, nau'in Linux da ke maye gurbin Windows, kyauta, LibreOffice da ke yin aikin su PowerPoint kyauta, ba lasisi ba kirak ba fatawa. Linux tun 1991 yake, akasarin sabobin intanet a kansa suke, Android ɗin da ke hannunku ma a kansa aka gina shi, amma ɗaliban kwamfuta guda ku zauna kuna jiran a ce muku halal ne ko haram

Bakatsine: An fara. Kai ko gaisuwar mutuwa aka je sai ka kawo Ubuntu

Mai Ubuntu: Kai da ka kasa haɗa firinta sai da ka kira ni, yi shiru

Ɗan Shara Mansur: Ni abin da ke ba ni mamaki da ku ɗalibai, duk wata mukafa'a, wato alawus ɗinku, na shiga asusunku, ɗaki kyauta, tikitin gida kyauta, amma kuɗin lasisi ya gagare ku sai dogon larabci. Duktur ya faɗi gaskiya, sata sunanta sata ko an sa mata rawani.

Ustaz Madina: Rawanin wa kake nufi?

Ɗan Shara Mansur: Wanda ya tsargu

Bakatsine: Ikon Allah, wai takari ne zai koya mana bin doka. Tun 2016 aka hana baƙi sayar da waya da gyaranta a ƙasar nan, kai a ina kake naka gyaran, ba a ƙuryar ɗaki ba?

Ɗan Shara Mansur: Wa kake ce wa takari?? Kakana da ƙafa ya zo ƙasar nan ta Sudan, ya haye ta Sawakin, a Makka aka haifi ubana aka haife ni, kai da ka sauka Jidda shekaranjiya da jakar Ghana must go kana tambayar ina ake hawa bas. Kuma in amana ake magana ku zo ku koya a wurinmu, wayar matan mutane ake kawo min da hotunan iyali da komai a ciki, ban taɓa buɗe abin da ba a sa ni ba, ba kwas na yi ba ba rahoto na gabatar ba. Ku da kuke karantawa a littafi wa ya taɓa damƙa muku sirrinsa?

Maman Ilham: Wannan kalmar ba ta dace ba wlh, Bakatsine ka janye. Kuma abin da ya faɗa shi ne ainihin darasin, dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara 1 ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000 a kan keta sirrin mutane ta waya, ga dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a Satumba 2023. Ɗan Fagge da ka saka waɗannan a rahoton maimakon ka tafi Jamus da Kanada ƙila da duktur ya saurare ka.

Ɗan Fagge: Anti suna ciki, silaid na 14, bai bari na kai can ba

Bakatsine: Ni ban zagi kowa ba, sunan da kowa ke faɗa na faɗa. In ya janye rawani in janye

Ɗan Shara Mansur: Ka zo Makka umara ka maimaita a gabana

Injiniya Dammam: Har yanzu dai ba a ba ni amsar PowerPoint ba

Mai Ubuntu: Ba za a ba ka ba 😂

Admin: Jama'a ya isa haka, an kusa kiran isha. Na goge saƙonni biyu na Ɗan Shara Mansur da suka biyo baya saboda sun wuce gona da iri. Ga abin da aka cimma don waɗanda ba su bi ba. Ustaz ya yi bayani na ilimi cewa abin da ɗan'uwanmu ya yi ba ya cikin ma'anar sata a shari'a kuma ba wanda ya iya ture wannan, ita ma Hajiya daga baya ta fahimci akwai tafsili. Injiniya ya tabbatar ta ɓangaren fasaha cewa yaron bai yi komai ba. Saboda haka duktur ya yi kuskure, kuma wannan na nuna hatsarin mutum ya yi magana a fannin da bai karanta ba, shi ya sa muke ta cewa 'yan kwamfuta su riƙa zama a darasin fiƙihu na Haram. Maganar Linux ba a nan gurup ɗin ba. 'Yan'uwanmu mazauna kuma a riƙa girmama ɗaliban ilimi.

Maman Ilham: Yaushe na fahimci akwai tafsili? Kuma na Bakatsine fa, shi ba a goge ba?

Injiniya Dammam: Ni ban ce bai yi komai ba

Admin: An rufe gurup sai bayan asuba, admin kaɗai ke iya turo saƙo.