Musayar waƙa: 'yan matan Illighadad da turminsu

Bakanon Fagge:
Salamu alaikum sha'irai. Jiya da daddare na tsaya shan shayi wajen wani maigadi Buzu a layinmu, yana fifita gawayi wayarsa na jingine jikin buta tana wani kiɗa da ban taɓa jin irinsa ba, na ce su wa ke yi ya ce 'yan yankinsu ne, Les Filles de Illighadad, wai Illighadad ƙauye ne wajen Abalak a jihar Tawa ta Nijar. Ya tura min ta Xender, wallahi ban runtsa ba sai da na rubuta wannan:

Na je shan shayi sai na sha kiɗa,
Jita tana kuka, mata suna guɗa,
Turmi ake bugu, ba don dakan gyaɗa,
Ban ankara ba na ga kaina yana kaɗa,
Ban jin Buzanci amma na ji abin da ta faɗa.

Bazazzagi Mai Allo:
Taubashina barka da farkawa.

Bakano ya ji kiɗa, wai shi ya gano gari,
Tun tuni suke abinsu kana can awon gari,
Shayin ma na bati ka sha, ba ka ba da ko ɗari,
Ka haɗa da kwasar waƙa, Buzu ka yi haƙuri.

Bakanon Fagge:
Bazazzagi an ce boko, ashe dai sai surutu,
Kai da ka san su tuntuni me ya hana ka rubutu?
Ko ka ji su ne a mafarki kana cikin hutu,
Kunnen da bai bambance jita da kiɗan shantu.

'Yar Adar:
Ku dakata da wasanku na taubasai in gyara muku zance, ni ɗiyar Tawa ce. Na farko mu Abzinawa muka ce musu, wasu ba su son wancan sunan da kuka faɗi. Faifansu na fari ya fito 2016 hannun Sahel Sounds, ƙaramin kamfani ne a Amurka, gefe guda jita gefe guda tende zalla. Fatou Seidi Ghali mai kaɗa musu jita, da jitar yayanta ta koya, ba malami ba makaranta. Ita ko tende turmin daka ne na gida, a shimfiɗa mishi fatar akuya a baki a ɗaure da igiya ga taɓare biyu, mata su zauna bisa taɓaren don fatar ta miƙe, ana yayyafa mata ruwa ana bugu da hannu, gefe ga ƙwarya kife cikin ruwa, in an gama a kwance fata a koma dakan hatsi.

Ku bar gardama ku taho ku ga turmi,
Da shi ad daka, da shi ak kiran raƙumi,
Kiɗan mata na tun kaka, ba na jarumi,
Ɗiyanmu sunka aza shi ga jita da ilimi.

Bazazzagi Mai Allo:
Allah ya biya ki ƙanwata, wannan shi ne baiti ba irin na masu awon gari ba.

Malam Ma'auni:
Ni ban zo rabon faɗa ba, na zo awo. Bakano ɗangonka na farko gaɓa 10 ne, na biyar gaɓa 15, a wane bahari, wato ma'aunin waƙa, ka yi iyo? Ba Mutadarik ba ne, ba Kamil ba, ba Ramal ba. Ƙafiya kaɗai ba ta yin waƙa, in haka ne ai kowace mai tallan gyaɗa sha'ira ce.

Ka auna gaɓa kafin ka ɗinka baiti,
Riga ba ta kyau in hannu ya wuce saiti.

Bakanon Fagge:
Malam da girmanka, ni kunne na bi ba sikeli ba. Kiɗan nan kansa zagaye yake yi yana maimaita abu ɗaya har ka manta inda aka faro, to ɗangon ya bi shi ya miƙe.

Malam Ma'auni:
Maimaici ai shi ne awo ɗana. Da bugun turmin nan na tsalle kamar ɗangonka da masu tafi sun watse.

Gwaggon Funtuwa:
Kai ni duk kun cika ni da surutu. Na sa jikata ta kunna min na ji, da daɗi ba laifi, amma ƙwarya cikin ruwa kuma sai a zo ana ba mu labarinta kamar sabon abu? Mu da muka tashi a kiɗan amada, Allah ya ji ƙan Barmani Choge, tun rasuwarta a 2013 ban ƙara jin wadda ta cika min kunne ba.

'Ya'yan yanzu ku kan ba ni mamaki,
Na gida na nan kun bar shi cikin ɗaki,
Sai Bature ya yaba kuke buɗe baki,
Ƙwaryarmu ta sha ruwa tun ba ku da haƙori a baki.

Malam Ma'auni:
Gwaggo kin yi baki sau biyu a ƙafiya, kuma ɗangon ƙarshe ya...

Gwaggon Funtuwa:
Ya me? Ƙarasa mana in ji.

Malam Ma'auni:
Ya yi kyau Gwaggo. Allah ya ƙara lafiya.

'Yar Adar:
Gwaggo ban ƙi taki ba, amma su ba su jira Bature ba, bukin aure da suna sunka saba yi a daji kamin wani ya zo da na'ura, kuma ko da sunka je Burukilin ta Amurka a 2019 ƙwaryarsu ba ta zauna gida ba.

Ƙwarya taki ta, Gwaggo, tamu ta duka,
Ruwa guda na, hannu ɗai ab bamban duka.

Ɗan Zongon Kumasi:
Afuwan na makara kwana uku, ba data. Ni dai ina bayan 'Yar Adar ɗari bisa ɗari, Gwaggo a yi haƙuri, Bakano a biya kuɗin shayi.

Bakanon Fagge:
Na biya jama'a, na kai masa sukari da ganyen shayi har ya yi min zagaye uku. Na tambaye shi a wane bahari 'yan matan ke waƙa don in kawo wa Malam amsa, ya dube ni ya ce wane bahar kuma, su a can rijiya ma sai an ɗaura wa jaki salka.

Malam na nemo bahar, an ce babu ko tafki,
Ka zo da sikelinka mu sha shayi a kan benci.

Malam Ma'auni:
Tafki da benci ba ƙafiya ba ce. Ƙarfe nawa yake ɗora butar?