Wane suna za mu sa wa dangin samosa da mitfai?

Jama'a ku zo mu yanke shawara. Masu koyar da girki a rediyo da Facebook in sun zo kan samosa da mitfai da ire-irensu sai dai su ce sinak, ko su ce kayan ƙwalam da maƙulashe, to amma ai maƙulashe ya yi faɗi da yawa, alawa ma maƙulashe ce, cincin da dubulan da gireba duk suna ciki. Ni wanda nake nema wa suna shi ne wannan dangin da ake murza ƙullin fulawa a zuba masa nama ko dankali ko kayan miya a ciki, a liƙe baki sannan a soya ko a gasa, ka saya a takarda ka ci kana tafiya.

Kuma dangi ne babba wallahi. Samosa da muke ɗauka ta Indiya ce, sunanta daga Farisanci ya fito, sanbosag, kuma tun ƙarni na 14 matafiyin nan Ibn Battuta ya ga ana kawo ta a fadar Sarki Muhammad bin Tughluq a Delhi, cike da niƙaƙƙen nama da su almon da albasa da kayan ƙamshi. Ita ce dai sambusar da ake buɗa baki da ita a Saudiyya da Sudan da Somaliya, duk wanda ya yi azumi a Makka ya santa. A Ajantina suna da empanada, can har yadda aka murɗe bakin shi ke gaya maka abin da ke ciki, na nama daban na kaza daban, ba sai ka tambayi mai sayarwa ba. A Kwanwal ta Ingila akwai fasti, guzurin masu haƙar kuza da suke shiga rami da shi, naman shanu da dankali da albasa a ciki, tun 2011 ma doka ta kare sunan, in ba a Kwanwal aka haɗa shi ba ba za ka sayar da shi da sunan yankin ba. Na Jamaika kuwa ɓawonsa rawaya ne saboda kurkum, ga attarugu.

Shawarata ita ce ɗan ƙunshe, jam'i 'yan ƙunshe. Dalilina, haka muke raɗa wa abinci suna tun fil azal, ɗan wake, ɗan malele, ba wanda zai ji shi baƙo a kunne, sannan yana faɗin ainihin aikin, an ƙunshe abu a cikin ƙulli. Su ma masu Sifaniyanci empanada ɗin daga kalmar lulluɓewa da burodi suka ciro ta.

Wata yayarmu a nan ta ce ƙunshi ai na lalle ne. Gaskiya ne Yaya, amma ƙunshin goro ma ƙunshi ne kuma ba a taɓa rikita su ba, da zarar an sa ɗan a gaba an san maganar ci ake. Wani malam kuma ya ce to alale fa, ita ma ƙunsa ta ake a ganye ko leda. Allah ya gafarta Malam, ita alale kwance ta ake a yar da ganyen, shi ɗan ƙunshe da rigarsa ake cinye shi, nan ne bambancin. An kawo shawarar a ce ɗan cushe, ni dai bai min ba, kamar an yi wa abincin dole ne.

Shawarma ba ta shiga, don ita sai an gama gasa naman a yanko sannan a naɗe a burodi, ba a liƙe ta a dafa tare.

Kuma kar a fahimce ni ba daidai ba, ban ce a daina cewa samosa ba, fanke ma aro muka yi kuma ya zauna daram. Kowanne ya riƙe sunansa, na gidan gaba ɗaya nake so mu samu, yadda mai koyarwa za ta ce yau za mu yi 'yan ƙunshe kala uku, kowa ya gane. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram da zangon Kumasi, in akwai sunan da kuke kiransu da shi a can ku faɗa mana kafin mu tsayar da wannan, in naku ya fi daɗin faɗa shi za mu ɗauka.