Shin duk tudun taro a Ingila tsohon kabari ne?

Malam Garba: Ina nan a kan bakana. Tuddan da mutanen Ingila ke taruwa a kai su yi shari'a a ƙarni na 10 da na 11 kaburburan mutanen da ne. Doka ta ce kowace gunduma ta zauna duk mako huɗu, kuma a fili ake zaman. Wa zai sha wahalar tara ƙasa ga tudun da kowa ya sani? Ku duba Saltwood a Kent. Da ake shimfiɗa layin dogo aka tono kaburburan zamanin tagulla, da wasu sama da 200 na ƙarni na 6 da na 7 kewaye da su, kuma a nan gundumar Heane ta riƙa taro daga baya.

Malama Binta: Malam, Saltwood ba gardama. Amma tudun Secklow fa, a Milton Keynes? An tone shi a 1977 zuwa 1978. Faɗinsa kusan mita 25, ga rami kewaye, amma ba a samu kabari ba. Don taro aka tara shi.

Malam Garba: Ai garma na iya share kabarin.

Malama Binta: Garma sama take ci. Ramin gawa yakan kasance a tsohuwar ƙasar da tudu ya danne. Ko ƙasa mai tsami ta cinye ƙashi, shatin ramin na nan, launinsa daban.

Malam Isa: Ku biyun kuna da hujja, sai dai kowane tudu a bi shi shi kaɗai. Ana zura bututu daga ƙoli har tsohuwar ƙasa, a ciro gawayi ko ƙwayar hatsi a auna shekarunsa. A nan ake tuntuɓe: in maginan sun kwaso ƙasa mai tsohon gawayi, tudun ƙarni na 10 sai ya fito da shekara dubu uku. Shi ya sa ake auna samfur da yawa, a riƙe mafi ƙarancin shekaru, kuma a fifita hatsi a kan itacen da ya daɗe a raye.

Malama Binta: Wani ma an ɓata shi tun tuni. Tudun Scutchamer Knob, wajen shekara ta 990 an yi zaman shari'a a kansa, yana rubuce, amma masu tono na ƙarni na 19 sun kwashe cikinsa.

Malam Isa: Shaidar taron ma ta fi wuyar samu, Malam Garba. Zaman yini ɗaya ba ya barin gini, sai ramin girki, ƙashin dabba, ko tsabar kuɗin da ta faɗi. In ba takarda ko sunan gunduma ya nuna wurin ba, tono kaɗai da wuya ya tabbatar.